Wace kalma za mu ba "creativity"? Ina kawo tsirfa, ga dalilina

'Yan uwa masu fassara da marubuta, wannan zaren na neman kalma ne. Kwana uku ke nan ina fama da kalmar Turanci "creativity", wato baiwar fito da sabon abu, a wani aiki da ke gabana, har yanzu ban samu wadda ta zauna mini a rai ba.

Matsalar daga tushe take. Bature da kalma ɗaya yake cewa Ubangiji ya yi duniya, da ita kuma yake cewa mai zane ya yi hoto. Mu bakinmu ba ya yarda da haka. Halitta ta Allah ce, babu Bahaushen da zai ce maɗinki ya halicci riga. Larabawa sun ɗauki "ibda'i", amma tushenta ɗaya da bidi'a, kuma kun san yadda kunnen Bahaushe yake jin bidi'a.

Ƙirƙira fa? Ita ce kowa ke saurin kawowa. Sai dai tana da ƙamshin ƙarya: an ƙirƙiri labari, an ƙirƙira masa laifi. Ƙaga ma haka, 'yar uwar ƙage ce. Fasaha kuwa kimiyya ta riga ta aure ta.

Abin da ya buɗe mini ido ba daga adabi ya zo ba. A 1952, a Jami'ar Chicago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Stanley Miller, a ƙarƙashin malaminsa Harold Urey, ya zuba ruwa a tulun gilashi, ya haɗa da iskar mithen da amoniya da haidurojin, ya rufe. Ya dinga ɗumama ruwan yana sakar wa tururin tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Cikin mako ɗaya ruwan ya yi ja ya dagule. Da ya bincika sai ga sinadaran amino asid, tubalan da ake gina furotin da su a jikin kowane mai rai. A 2008 da aka sake duba wasu kwalaben da ya bari, an samu irinsu fiye da 20.

Ku lura, Miller bai yi rai ba, ko ƙwayar halitta ɗaya bai samar ba. Duk kayan da ya zuba dama suna nan tun kafin a haife shi. Abin da ya faru shi ne kayan sun haɗu a yanayin da ya dace, sai wani abu da babu shi a tulun jiya ya bayyana yau. Ni a ganina wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa a kan mawaƙi ko marubuci. Bai zo da komai daga babu ba. Tatsuniyar kakarsa ce, da karin maganar da ya tsinta a kasuwa, da baƙin cikin da ya kwana da shi, sai wani tartsatsi ya faɗo musu.

Na ga wannan da idona a wurin wani dattijo mai ɗinkin babbar riga a unguwarmu. Aska takwas ɗin da yake zanawa ya gada, ubansa ma gadonta ya yi. Amma in ya zo kan tambarin ƙirji yakan ɗan matse zaren, ya karkata allura ta wata fuska da ba na ganin kowa na yi. Mahaifina yana hango riga a masallacin Juma'a zai ce, "Wannan hannun malam ne." To ga kalmar da nake ba abin da Turawa ke kira "artistic identity": hannu. Mun daɗe muna faɗinta ga maɗinka da magina da masu girki. A ba wa marubuci ita, a ce littafin nan hannun wance ne.

Ita kuwa "creativity", ina kawo tsirfa. Kunnena yana jin tsiro a cikinta, kuma tsiro ba ya fitowa sai da iri da ƙasa da ruwa. Ba ta yi wa Mahalicci kutse, ba ta kuma zargin kowa da ƙarya.

Na san abin da za ku ce. Uwa tana ganin 'yarta ta yi wani sabon ɗaurin ɗankwali sai ta ce, "Wace irin tsirfa ce wannan?" Gaskiya ne, akwai ɗan faɗa a cikinta. Amma bayan wata biyu duk 'yan matan layin da ɗaurin suke zuwa biki. Kalmar ta kama sabon abu a daidai lokacin da ido bai saba da shi ba, kuma ni wannan lokacin nake so kalmar ta riƙe.

Na gwada ta a jimla: "Yaron nan yana da tsirfa." "Makaranta ta dinga raya tsirfar yara." "Waƙar tana da daɗi amma babu tsirfa." Duk sun zauna. Inda ta ƙi zama shi ne sunan mai yin. "Mai tsirfa" ya yi, amma a jam'i "masu tsirfa" yana yi mini kamar ana nufin fitinannu. Mutanen Sakkwato da Damagaram, yaya take fita a bakinku?