Tambaya kan sauya jirgi a tashar Shuhada ta ƙarƙashin ƙasa a Alƙahira

Baban Hanifa, Kubwa

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Alƙahira a cikinku. In Allah ya yarda, wata mai kamawa zan raka mahaifiyarmu Masar domin ganin likita. Masaukin da aka kama mana yana unguwar Dokki, asibitin kuma yana kusa da tashar Demerdash, ke nan duk ranar da za mu ga likita sai mun ratsa tsakiyar birni. Wanda ya shirya mana tafiyar ya ce kada mu ɓata kuɗi da lokaci a tasi saboda cunkoson motocin garin, mu hau jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Dokki, mu sauya wani a tashar Shuhada da ke ƙarƙashin Dandalin Ramsis. Sai dai wani abokin aikina da ya taɓa zuwa ya ce in zan ji ta tasa, kada in kusanci wannan tasha da dattijuwa.

Iyakar sanina da jirgin cikin gari shi ne namu na Abuja, inda mutum zai tashi daga Kubwa ya sauka a Idu cikin natsuwa ya jira wanda zai wuce da shi. Hajiya tana tafiya da ƙafarta, amma gwiwa tana damunta, kuma ba ta son a riƙa hanzarta ta. Yaya tsarin tashar yake, ta yaya baƙo yake gane inda zai bi a ƙarƙashin ƙasa, kuma shin ya dace in bi da ita ta can?

Malam Tsohon Ɗalibi, Gwagwalada

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi karatu a Azhar, kuma wannan tasha hanyata ce a tsawon zamana a can.

Abokin aikinka bai yi ƙari ba. Shuhada ce mahaɗar layi na 1, wanda ya taso daga Helwan a kudu ya nufi Marg a arewa maso gabas, da layi na 2, wanda ya taso daga Shubra al-Khaima ya ƙetare Kogin Nilu ta ƙarƙashin ruwa ya ƙare a Munib. A samanta kuma babbar tashar jiragen ƙasa ta Ramsis take, inda na Iskandariyya da na Aswan suke sauke fasinjoji, ga tashoshin ƙananan motocin haya sun kewaye dandalin. Saboda haka jama'a iri uku ne suke cuɗanya a cikinta: masu shigowa daga titi, matafiya masu jan akwatuna da buhuna, da kuma masu sauya layi, waɗanda su ne suka fi kowa sauri domin sun san ƙafar da za su taka. Da safe lokacin fita aiki, da kuma bayan azahar zuwa magariba, hanyoyin cikinta sukan koma kamar Kasuwar Wuse ranar jajiberin Sallah. Har 2011 sunan Mubarak take ɗauke da shi, bayan juyin juya halin shekarar aka mayar da ita Shuhada, don haka kada ka ruɗe in ka ji wani dattijo ya kira ta da tsohon suna ko ya ce maka Ramsis kawai.

Amma abin da wanda ya shirya muku tafiya bai faɗa muku ba shi ne, waɗannan layuka biyu sau biyu suke haɗuwa. Suna haɗuwa a tashar Sadat da ke ƙarƙashin Dandalin Tahrir, su rabu, sannan su sake haɗuwa a Shuhada. Daga Dokki za ku wuce Opera, sai Sadat. In kun zauna a layi na 2, za ku bi ta Muhammad Najib da Ataba ku isa Shuhada. In kuma kun sauka a Sadat kun hau layi na 1, za ku bi ta Nasir da Urabi ku isa Shuhadar dai, sai Ghamra, sai Demerdash. Ko ta ina kuka bi, tasha bakwai ce, kuɗin tikiti ɗaya ne. Bambancin shi ne wanda ya sauya a Sadat yana cikin tarago lokacin da jirgi zai tsaya a Shuhada, zai ga turmutsutsun ta taga ne kawai, mai yiwuwa ma ya sami wurin zama idan masu sauka suka tashi. Sadat ita ma tana cika, amma ba ta da masu akwatunan nan na jirgin Iskandariyya. Shawarata ke nan, ku sauya a Sadat.

Game da gane hanya, a ƙarƙashin ƙasa ba gabas ba yamma, kuma allunan ba za su rubuta maka Demerdash ba. Sunan tashar ƙarshe ta kowane ɓangare suke rubutawa, da Larabci da kuma haruffan boko. Kai dai ka riƙe sunaye huɗu. Da safe daga Dokki ka bi allon Shubra, a Sadat ka bi allon Marg. A dawowa daga Demerdash ka bi allon Helwan, a Sadat ka bi allon Munib, wanda wasu alluna suke haɗa shi da Giza. Ka tabbatar da allon tun kafin ku sauka matakala, domin dandamalin masu tafiya da na masu dawowa suna fuskantar juna ne, layin dogo yana tsakaninsu, wanda ya sauka a ɓangaren da ba nasa ba kuwa sai ya sake hawa ya zagayo, wannan kuma wahala ce ga mai ciwon gwiwa.

A ƙofar shiga za a sa jakarka cikin na'urar bincike. Tikiti da yawan tashoshi ake sayar da shi, ka faɗa wa mai sayarwa inda za ka sauka, kuma kada ka yar da shi bayan ka shiga, domin da shi za ka buɗe shingen fita. In an kusa tasha za ka ji na bayanka ya taɓa kafaɗarka yana tambayar ko sauka za ka yi. Ba rashin kunya ba ne, al'adarsu ce: in ba sauka za ka yi ba, sai ka matsa ya wuce gaba kusa da ƙofa tun kafin jirgi ya tsaya.

Injiniya, Idu

Malam ya gama magana a kan hanya, ni dalili zan ƙara, domin wanda ya san yadda cunkoson yake taruwa ya fi iya kauce masa.

Layi na 1 da aka buɗe a 1987, wanda shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka, asalinsa tsoffin layukan dogo biyu ne na bayan gari, na Helwan da na Marg, sai aka haƙa rami a ƙarƙashin tsakiyar birni aka haɗa su, da taimakon Faransawa. Shi ya sa mafi yawan tsawonsa a sarari yake, 'yan tashoshin tsakiya ne kawai suke ƙasa. Layi na 2 ya zo a 1996, ya ƙetare Nilu a 1999, kuma raminsa ya fi zurfi. Ke nan mai sauya layi ba tsallakawa kawai yake yi ba, hawa ne ko sauka tsakanin bene da bene, ta matakala da lungunan da faɗinsu ƙayyadadde ne. Jirgi ɗaya yana zazzage ɗaruruwan mutane cikin ƙasa da minti guda, dukansu su doshi matakala ɗaya, kafin su gama wucewa kuma wani ya iso, domin a lokacin fita aiki 'yan mintoci ne tsakanin jirgi da jirgi. A birnin da shi da kewayensa suka haura mutum miliyan 20, wannan ya isa ya toshe kowace hanya.

An ga tasirin haka ƙarara lokacin da aka rufe tashar Sadat daga watan Agustan 2013 zuwa watan Yunin 2015 saboda dalilan tsaro, domin duk mai sauyawa tsakanin layukan biyu sai da ya koma Shuhada. Layi na 3 da ya fara aiki a 2012 ya haɗu da na 2 a Ataba, daga baya a 2022 ya haɗu da na 1 a Nasir, wannan ya rarraba nauyin, amma bai ɗauke tashar Ramsis daga kanta ba. Akwai biranen da suka rage wannan matsala tun a zane: a tashar Châtelet-Les Halles ta birnin Paris, da aka buɗe a 1977, mai sauyawa tsakanin wasu manyan layuka biyu yakan sauka ya taka 'yan taku a kan dandamali ɗaya ya shiga na gaba, ba tare da ya taɓa matakala ba.

Amfanin wannan gare ka, Baban Hanifa, shi ne ka sani cewa cunkoson zuwa yake yi kashi-kashi. Idan kun sauka, ka ja Hajiya jikin bango ku tsaya, ku bar masu gaggawa su kwashe, cikin minti ɗaya ko biyu za ka ga matakalar ta yi sauƙi, sai ku bi a hankali. Kada kuma ku yi tseren kama jirgin da kuka tarar yana shirin rufe ƙofa. A Idu, inda layin cikin gari da aka ƙaddamar a 2018 aka kuma farfaɗo da shi a watan Mayun 2024 ya haɗu da na Kaduna, wanda jirgi ya wuce shi ya san zai daɗe yana jira, shi ya sa muka saba da gudu. A can, kafin ka gama gyara wa Hajiya mayafi wani ya iso.

Maman Sadiƙ, Gwarinpa

Allah ya ƙara sauƙi, ya sa a dace da magani. Na yi jinyar yayata a Alƙahira, kuma da girmamawa ga Malam da Injiniya, ina ganin sun duba lamarin ne da idon mai lafiya. Ranar da aka ɗebi jinin dattijuwa, ko aka ba ta maganin da yake kashe jiki, ko ta wuni da yunwa saboda gwaji, ba ranar hawa matakala ba ce ko da tashar fayau take. Ba a kowace ƙofa ake samun lif ko matakala mai tafiya da kanta ba, musamman a tsoffin tashoshi, kuma da zafi iskar ƙasan nan tana da nauyi. Irin wannan rana ku hau mota ku dawo, ko da za ku daɗe a hanya, domin a zaune take. Jirgin ku bar shi ga ranakun da take jin ƙarfi, kuma in likita zai yarda ku karɓi lokacin hantsi, bayan ma'aikata da ɗalibai sun wuce. Ku tuna cewa hutunsu Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce cikakkiya.

Abin da ban ji an ambata ba shi ne taragun mata. A tsakiyar kowane jirgi akwai waɗanda aka keɓe wa mata, kuma akwai allo a saman dandamali daidai inda suke tsayawa. Na ga yadda 'yan mata suke miƙewa su ba tsohuwa wuri tun kafin ta nema, wata ma ta karɓi jakarta ta ɗora a cinya har ta sauka. Masu tallar kayan ɗinki da safa da alƙaluma suna ratsawa suna ajiye wa mutum a cinya, su dawo su karɓa, wanda ba ya so ba a matsa masa. Hajiya za ta fi sakewa a can.

Baban Hanifa, Kubwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na rubuta sunayen nan huɗu, kuma za mu sauya a Sadat. Sai dai, Maman Sadiƙ, ni kaɗai ne zan raka Hajiya, ba mace a tare da mu. Zan iya shiga taragon mata da ita a matsayin mai jinya, ko kuwa in sa ta a ciki ni in shiga na kusa da shi?

Maman Sadiƙ, Gwarinpa

Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Namiji baligi ba ya shiga taragon mata, matan ciki da kansu za su yi maka magana, kuma akwai tara in ma'aikata suka gan ka. Raba ku kuma ya fi haɗari, domin ƙofa ba ta daɗewa a buɗe, in kai ka sauka ita ba ta ankara ba, jirgi zai wuce da ita wata tasha alhali ba ta jin Larabci. Mace tana da damar shiga kowane tarago, don haka ku shiga na kowa da kowa tare, ku taka zuwa ƙarshen dandamali inda mutane suka fi ƙaranci, kuma ka tsaya a gabanta idan ta sami wurin zama. Ka rubuta mata sunan masaukinku da lambar wayarka ta can a takarda, da Larabci, ta sa a jakar hannunta tun ranar da kuka sauka.