An ba ni mutum huɗu in horar, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Jama'a, an yi mini ƙarin girma, an ce in riƙa horar da mutum huɗu da ke ƙarƙashina. Ni kuwa ban da "yi kaza, bar kaza" ban iya komai ba. Waɗanda aka taɓa zaunarwa aka horar, me ya yi muku amfani?

Wata akanta: Malam, rage baki ka ƙara kunne. Ogata ta farko, idan na kai mata lissafin da ya ƙi daidaituwa, sai ta karɓe ta gyara da kanta. Na shekara biyu a hannunta ban ƙaru da komai ba. Wadda ta gaje ta kuwa ba ta taɓa karɓar takarda daga hannuna ba. Cewa take yi, "Ke a ganinki daga ina ya karkace?" Da farko haushi nake ji, ina ganin ƙeta ce kawai. Kafin wata uku ni nake gano kuskurena tun ban je ƙofarta ba. Daga baya na gane tsari take bi, wanda ake kira GROW, da John Whitmore, tsohon ɗan tseren mota a Ingila, ya yayata a 1992: ina kake son kaiwa, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wanne za ka ɗauka kuma yaushe.

Wani injiniya: Tambaya ta ƙarshen nan ita aka fi tsallakewa. Namu zaman hira ce mai daɗi, a tashi ba a tsayar da komai ba, ba ranar sake haɗuwa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ni abin da ya kashe nawa daban ne. Na saki jiki na faɗa wa shugabana inda nake da rauni, sai ga maganar a rahoton tantance aikina na ƙarshen shekara. Tun daga ranar duk abin da ya tambaya, "lafiya lau" nake ce masa. Don Allah ka raba zaman horo da na ba da maki.

Wani manaja: Binciken da Google ya fara a 2008 kan manajojinsa ma, iya horarwa ya sa a sahun farko cikin halayen manaja nagari. Sai dai, Hajiya akanta, sabon ɗauka da bai san ko ina fayil yake ba, nuna masa ake yi tukuna.

Mai tambaya: Biyu cikin nawa sababbi ne, na gode. Sauran biyun kuma sun girme ni, nan ne nake jin nauyi.