Godiyar kaka a Gadarif: yaya za mu raba hatsin baiko da maƙwabta ba tare da an zarge mu ba?

Magatakardan ikilisiya:

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ikilisiyarmu ƙarama ce a gefen garin Gadarif a gabashin Sudan, gidaje wajen arba'in, yawanci mutanen Duwatsun Nuba da 'yan Sudan ta Kudu, sai mu kaɗan masu jin Hausa daga Filato da Kudancin Kaduna. Da Larabci ake sujada. Damina ta ɗauke, an shiga abin da mutanen nan ke kira darat, wato lokacin girbi, kuma dattawa sun ce bana hatsin godiyar kaka ba zai tsaya a cikin majami'a ba, a fitar da shi ga maƙwabta. Muna sa ran buhu 12 na dawa da kantari 3 na riɗi. Unguwar kusan duk Musulmi ne, Hausawa da yawa a ciki, ga kuma 'yan gudun hijira da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani. Wace rana ta fi dacewa? Nawa za a ba kowane gida? Kuma ta yaya za a yi kada a ce muna sayen mutane da dawa? Matasanmu na so a haɗa da wa'azi, dattawa suna ja.

Tsohon ma'aji:

Ɗana, fara da lissafi, domin buhu 12 a gaban bagadi yana da yawa a ido, a ƙofar majami'a kuwa ba ya kai ko'ina. Shawal, wato buhun dawa, kilo 90 ne, malwa, mudun awo na nan, kusan kilo 3, wato malwa 30 a buhu. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne giram 400 zuwa 450 na hatsi ga mutum ɗaya a rana. Gida mai mutum shida kenan yana cin kusan malwa ɗaya a wuni, buhu guda a wata. Riƙe wannan a kanka, sauran duk zai zo da sauƙi.

Shawarata: a ware buhu 3 a ajiye sai Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, farashi kuma ya hau. Sauran 9 malwa 270 ne. A malwa goma-goma, gida 27 ne za su samu, kowanne abincin kwana goma. Kada a ce za a kai gida ɗari da malwa biyu-biyu don a ga yawa. Abin zai ƙare kafin jibi, sai surutun wanda aka tsallake ya rage muku.

Riɗin kuma kada a raba shi. Kantari kusan kilo 45 ne, kuma riɗi kuɗi ne a Gadarif. A sayar, a sayi mai da adas (wani irin ƙaramin wake) da gishiri. Na kwana goma ga gida mai mutum shida, kilo 3 da rabi na adas, lita 2 na mai, gishiri giram 300. Idan kuɗin bai kai ba, a rage adas, a bar mai. A kuma sa kuɗin niƙa a cikin ƙunshin. Wannan shi ne abin da ake yawan mantawa: 'yar gudun hijirar da ke zaune a ajin makaranta ba ta da ko sisin kai wa inji, sai ta sayar da malwa biyu cikin goman a araha don ta niƙa takwas.

Mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta, kuma wanda ke riƙe da mabuɗin ɗaki ba shi ne mai riƙe da littafi ba. Kuɗin da ya shigo ta Bankak, manhajar banki ta waya, kada ya faɗa asusun fasto na kansa ba tare da an karanta adadin a gaban jama'a ranar Lahadi ba.

Manomi daga Dokah:

Game da rana. Riɗi ake fara yankewa, cikin Oktoba, kuma ba ya jira: da ya nuna, kwanson ya buɗe, sai ya zube ƙasa. Duk mai ƙarfi a ikilisiyarku a lokacin yana gona. Dawa sai Nuwamba zuwa Disamba. Idan kuka sa godiya a Oktoba kamar yadda wasu suka saba a gida, za ku sami benci babu maza, baiko babu dawa. Ku karɓi riɗi a ƙarshen Oktoba a ajiye, babban taro kuma ya zama Lahadin farko ta Disamba, kafin hidimar Kirsimeti ta cinye hankalin kowa. A tuna Lahadi ranar aiki ce a Sudan, Juma'a da Asabar ne hutu, don haka sujadar da yamma, rabo kuma Asabar mai zuwa da sassafe.

Sai ajiyar buhu ukun nan da Baba ya ambata. Hatsin baiko daga gonaki daban-daban yake zuwa, wani ya bushe, wani an sussuka shi da ɗanyensa. Buhu ɗaya mai laima yana ɓata sauran. Ku gwada kowanne: a sami kwalba busasshiya, a zuba dawa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bari minti goma sha biyar, a sake girgizawa. Gishiri ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. A shanya a kan tampol kwana biyu ko uku, ba a ƙasa tsirara ba. Ko a ciza ƙwaya: busasshiya tana fashewa da ƙara, mai laima lotsewa take. A jera buhunan a kan katako, tazarar kamu biyu daga bango. Kada a haɗa dawa iri biyu, Fatarita da Tabat, a buhu ɗaya, mata sun san bambancinsu a tuwo da kisra, wato siririyar gurasar dawa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. In ana samun buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, shi ya fi. Ƙwaro yana mutuwa da kansa, muddin ba a yi ta buɗewa ba, ɓera kuma bai huda ba.

Gargaɗi ɗaya da babbar murya: ƙwayar maganin da ake jefawa cikin hatsi, Phostoxin, iskar guba take fitarwa, tana ratsa bango da ƙofa, tana kashe mutum yana barci. Idan akwai masu kwana a majami'a ko ɗakin da ke manne da ita, kada a kusanto da ita sam.

Uwar Zumuntar Mata:

Ɗana magatakarda, tambayarka ta uku ita ce babba, kuma amsarta ba a ranar rabo take ba, tana makonni uku kafin nan. Zumunci a ƙafa yake. Fasto da dattijo ɗaya da mace ɗaya babba su je gidan shehin unguwa, su gaida limamin masallacin da ke kusa, su ga kwamitin da ke kula da 'yan gudun hijira. A faɗi magana a fili: mun yi godiyar kaka, muna da rabon gida 27, ku taya mu zaɓen waɗanda suka fi buƙata. A yarda da sharuɗɗa tun kafin a ambaci suna: gidan da mace ke riƙe da shi ita kaɗai, mai jego ko mai ciki, tsoho marar mai kula, mai jinya. Su kawo suna, matan Zumunta su bi gida-gida su tabbatar, domin jerin da mutum ɗaya ya rubuta ba ya rasa 'yan'uwansa a ciki.

Kada a tara mutane layi a ƙofar majami'a. Mace Musulma mai mutunci za ta gwammace ta kwana da yunwa da a gan ta tsaye a nan da kwarya, kuma washegari ita za a yi wa gori, ba ku ba. A kai gida a amalanken jaki, mata su shiga wurin mata, maza su tsaya waje. Ba hoto. Na san masu aiko da taimako daga gida suna son ganin fuska a Facebook. A ɗauki hoton buhuna da littafin lissafi, ya ishe su.

In akwai takiyya a unguwar, wato tukunyar gayya da ake dafa wa kowa, kada ku kafa taku kusa da ita kamar kishiya. Ku kai buhu ɗaya can, matanku su shiga layin masu tuƙi. Wurin tuƙa asida, wato tuwon nan, da wanke tukunya ake sanin juna, kuma abin da ba a faɗa wa fasto za a faɗa wa wadda aka sha hayaƙi tare da ita.

Shugaban matasa:

Mama, na ji, kuma ban ƙi ba. Amma in an cire wa'azi, mene ne bambancinmu da ƙungiyar agaji? Dokar ridda ma ai an soke ta. Ko ƙasida ɗaya a cikin buhu ba za a sa ba? Muna da su da Hausa, kuma rabin unguwar Hausawa ne.

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:

Ɗan'uwa, ƙishinka mai kyau ne, amma ƙasidar nan ba za ta yi aikin da kake zato ba. Hausawan Sudan da Larabci suke karatu. Kakanninsu hanyar Makka ce ta kawo su, wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Suna jin Hausa rangaɗau, amma rubutun boko ba shi aka koya musu a makaranta ba. Takardarka za ta zama abin ƙunshe gishiri, ko ta faɗa hannun wanda zai kai ta wurin hukuma a matsayin shaida. Kuma mutane ne da addininsu ya daɗe, suna da malamai, ba su rasa abin faɗa ba. Wanda ya je musu da raini zai dawo da kunya.

Game da doka, gaskiya ne an soke sashe na 126 na dokar laifuka ta 1991 a Yulin 2020. Sashe na 125 kan cin zarafin addini yana nan, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 jami'an tsaro suna sa ido kan kowane taro da kowane baƙo. Wanda ke zaune da takardar iƙama, wato izinin zaman baƙo, kalma ɗaya ta isa a ƙi sabunta masa. 'Yan ƙasa da ke cikin ikilisiyar su za su zauna da sakamakon bayan baƙo ya tafi, don haka su ne ya kamata su ja gaba, mu masu fasfo mu bi baya. Fasto ya tuntuɓi shugabannin ɗarikarku da Majalisar Ikilisiyoyin Sudan kan ko rabon yana buƙatar sanar da hukumar agaji ta jiha, a karɓi amsa a rubuce.

Amma ko da babu doka ko ɗaya, ni ba zan sa takarda a buhu ba. Mai yunwa ba ya iya cewa a'a, kuma amin ɗin da ciki ya faɗa ba na zuciya ba ne. Dokar kala da ke Littafin Firistoci 19 ta ce a bar gefen gona don matalauci da baƙo, ba ta ɗora musu wani sharaɗi ba. Wannan ba ɓoye suna ba ne. Kowa ya san daga majami'a hatsin ya fito, kuma in an tambaye ka dalili, ka faɗa kai tsaye: Allah ya ba mu kaka, Almasihu ya koya mana ƙaunar maƙwabci. Wanda ya so ƙarin bayani ya san ƙofa, baligi ne, ya zo da ƙafarsa, a amsa masa da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce. Yara kuwa kada a shigar da ko ɗaya Makarantar Lahadi ba da sanin iyayensa ba, ko da shi ya biyo abokansa. Wannan kaɗai ya isa ya rufe majami'a.

Matasa in suna neman aiki, ga shi: cike ramukan da ruwa ya kwanta, gyara rufin makarantar da mutane ke kwana, zuwa ta'aziyya in an yi rasuwa a unguwa, a zauna a tabarma a sha shayi a yi shiru. Ranar sujadar godiya kuma lasifika ta fuskanci ciki, a kashe ta lokacin kiran salla.

Ma'aikaciyar jinya:

Tunda za a ci abinci tare ranar godiya, bari in sa baki. An yi kwalara a Gadarif a 2023, ta kuma dawo ƙasar a 2024. Ruwan sha a sa masa ƙwayar kulorin bisa adadin litar da aka rubuta a fakitin, a jira minti 30. In ruwan ya gurɓace, a bari ya kwanta a tace tukuna, in ba haka ba maganin ba ya kamawa. Wanke hannu da sabulu da buta, mutum ɗaya yana zubawa, ba kwano ɗaya da kowa ke tsomawa ba. Abinci a ci da zafinsa cikin awa biyu, a bar salatin ɗanyen ganye a wannan karon. A ajiye fakitin gishiri da sukari na asibiti. In babu, lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi yana sha, a wuce da shi asibiti nan take.

Matan da za su bi gida-gida su riƙa tambayar abu ɗaya: akwai wanda zazzaɓi ya wuce mako biyu a jikinsa, ya sha maganin cizon sauro bai ji sauƙi ba, yana ramewa, cikinsa ya kumbura ta hagu? Kala-azar kenan ake zargi, kuma jihar nan gidanta ce, musamman ga masu kwana a gona inda ƙasa ke tsagewa. Tana kisa in an bar ta, tana warkewa da allurai na kwana 17. A tura shi gwaji.

Magatakardan ikilisiya:

Na gode iyaye. Zan kai wa dattawa haka: riɗi ƙarshen Oktoba, godiya Lahadin farko ta Disamba, gida 27, ba layi, ba takarda a buhu. Baba ma'aji, in an kai buhu ɗaya takiyya kamar yadda Mama ta ce, daga ina za a cire shi?

Tsohon ma'aji:

Daga na ajiya, ya rage biyu. Kada ka taɓa gidaje 27 bayan an riga an faɗa wa shehin unguwa adadi. Kuma ku auna da malwa ɗaya tak daga farko har ƙarshe, a shafe bakinta da sanda kowane awo. In mai awo yana tozo, buhu zai ba ku 27 maimakon 30, gida na ƙarshe su tarar da ƙura.