Pizza da Hausa: fiza, fitsa ko gurasar cuku?

Salamu alaikum ƴan uwa. Yau maganar pizza na kawo, don tun da anka ce a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ni a ganina ko allon ƙofar gidan abinci na unguwa ya kamata ya faɗi abin da ake saidawa a ciki da harshen da mutanen unguwar ke ji.

Akwai wani ɗan shago da anka buɗe nan unguwarmu a Yamai, teburi kaɗan, da tanderun bulo na itace can baya. Mun je da gwaggona da ta zo daga Tawa, ta tambayi yaron shagon, ɗana mi ake saidawa nan? Ya ce pizza ce Hajiya. Ta sake tambaya ya sake cewa pizza, wallahi ba rainin wayo yake yi ba, kalmar ce ba shi da ita. Sai da anka ɗora mata ita gaba da zafinta, ta duba ta ce ashe gurasa ce.

To bari in bi sunayen da na ji mutane na kawowa.

Wasu sun ce mu ari kalmar mu gyara ta kawai, kamar yadda munka yi da fensir da fasfo da famfo tunda ba mu da p. Ban ƙi aro ba. Amma mutanen Italiya pitsa suke cewa, in ka bi bakinsu ka maida p ta zama f sai ka samu fitsa, kuma duk Bahaushen da ya ji fitsa kunnensa zai ƙarasa mishi sauran, ko fitsari ko fitsara. Ba a sa ma abinci irin wannan suna. In ka ce biza, wannan ta tafiya ƙasar waje ce, an riga an kama. Saura fiza, ba ta da laifi, ta zauna a baki, mu mutanen Adar ma hiza za ta koma tunda f ɗinmu ba ta tsayawa, sai dai ba ta gaya ma tsohuwa komi ba, sai an sake yi mata bayani.

Masu cewa masar Turawa ko wainar Turawa, a'a don Allah. Masa ƙullu ce ta shinkafa ko gero, zuba ta ake yi a tanda da mai. Wannan kuwa kwaɓi ne na garin alkama da yis da gishiri da ruwa, a bar shi ya tashi, a buɗa shi da hannu ya yi faɗi ya yi zagaye, a gasa a tanderu. Ku gaya mini wane abinci namu ake yi haka in ba gurasa ba? Bambancin da na gani biyu ne, ita gurasa a jikin tanderu ake manna ta, wannan a ƙasan tanderun ake shimfiɗa ta, sannan kayan haɗin tare suke gasuwa da ita, ba kamar bandashen Kano ba da sai gurasa ta gasu ake zuba mata garin ƙuli da mai da albasa. Wutar ma ba wasa ba ce, a birnin Napoli na Italiya inda abin ya samo asali zafin tanderun ya kan haura digiri 400, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 an fiddo ta. Ita kanta kalmar gurasa daga Larabawa munka same ta, ga shi yau ta zama tamu.

Don haka gurasa ta zauna. Rigimar ita ce gurasar mi.

Wani ɗan uwa malamin makaranta ya ce gurasar Italiya, don a ba masu abu haƙƙinsu, kuma yana da hujja. Abincin talakawan Napoli ne tun asali, ana ba da labarin cewa a 1889 wani mai gashi Raffaele Esposito ya yi ma sarauniya Margherita wadda ke da launin tutar ƙasarsu, jan tumatir, farin cuku, koren ganyen basilik ɗan uwan ɗoɗɗoyarmu, shi ya sa har yau kusan duk takardar abincin da ka buɗe za ka ga margherita a ciki. Ƴan ci-rani daga Italiya sunka kai ta Amurka, a 2017 kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar masu gasa ta a Napoli cikin kayan gadon duniya. Duk na yarda malam, amma Italiya na da wasu gurasoshin, akwai focaccia, kuma sunan ƙasa ba ya gaya ma mai saye abin da zai sa a baki.

Ni gurasar cuku na zaɓa. Na san abin da ƴan uwana na Abalak da Cintabaraden za su ce, wai cuku shi ne namu na Buzaye da Fulani, falle-falle, a shanya shi ya bushe ƙamas a ci da shayi ko a daka cikin fura, wannan kuwa mozzarella ce mai laushi ta nonon bauna ko na saniya, da ta ji wuta sai ta narke tana jan zare. Gaskiya ne ba iri ɗaya ba ne, amma duka nono ne anka daskarar anka tsame ruwan, kuma ba mu da dalilin ci gaba da cewa fromaj irin na Faransanci alhali ga cuku a bakinmu. A ce cukun Turawa in ana son bambancewa.

Wata ƴar uwa ta kawo marinara, ta ce ita ai ba cuku a kanta, tumatir ne da tafarnuwa da man zaitun da ganyen ƙamshi. Madalla, wannan sai a ce mata gurasar tumatir, kun ga sunan na buɗuwa da kansa: gurasar cuku da kaza, gurasar cuku da niƙaƙƙen nama, da kifi, da albasar Galmi. Kuma nan ne abin ya fi damuna, don takardar abinci da Faransanci za ka ga an rubuta jambon, mutum bai sani ba na alade ne ko na talotalo, yana jin nauyin tambaya, ko ya ci da shakka ko ya tashi ya fita. In da Hausa anka rubuta dole a faɗi naman mi ne.

Mai sana'ar shi ne mai gurasar cuku, wurin kuma shagon gurasar cuku, abin da anka yanka yanki ne. Na ce ma mai shagonmu ya bar pizza ɗinsa a allo ya ƙara namu a ƙasa, ya ce zai duba. Abin da ban gama yanke ma suna ba shi ne gefen nan mai kumburi da ke ɗan ƙonewa, ni leɓe nike ce mishi, gwaggo ta ce baki. Mutanen Maradi da Damagaram, ku mi kuke ce ma gefen gurasa?