A ina kuka dasa nozul ɗin ruwa da mitanol a injinku mai turbo?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama haɗa kayan feshin ruwa da mitanol (wani nau'in sifirit) a motata mai silinda huɗu, don sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin injin. Tanki yana but, famfo yana ba da matsin PSI 200, tiyo ya iso har gaban injin. Saura huda bututun iska don dasa nozul, wato bakin da ke fesa ruwan, kuma a nan ne hannuna ya yi sanyi, don in an huda an huda ke nan. Wanda duk ya taɓa yi da hannunsa, don Allah ya gaya mini inda ya dasa nasa da abin da ya biyo baya.

Mai jar mota:
Wa alaikumus salam. Ni na fara da kuskure. Na sa shi tsakanin turbo da intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa, a tunanina tunda can ne iska ta fi zafi, can ya fi buƙatar sanyi. Ashe na rage wa intakula amfani ne kawai, domin tana fitar da zafi sosai ne idan iskar da ke shigarta ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba. Sannan feshin yana shiga cikinta ya sake zama ruwa. Ranar da na kwance tiyon ƙasa, sai ga ruwa haɗe da baƙin mai yana bin yatsuna. Na toshe ramin, na mayar da nozul bayan intakula, kamar taƙi ɗaya kafin bakin totur, wato ƙofar da ke buɗe wa iska idan an taka mota. Tun daga nan ban sake taɓa shi ba.

Tsohon makaniki:
Yaro, abin da ɗan'uwanka ya faɗa haka yake, amma bari in ƙara maka abin da ya kusa cinye mini injin. Na taɓa dasa nozul bayan totur, a jikin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silinda, don wurin ya fi sauƙin kai hannu. Na manta cewa idan mota tana silo, ko ka ɗaga ƙafa, manifol zuƙo iska yake da ƙarfi. Famfo a kashe, amma injin yana tsotsar ruwan da kansa ta cikin tiyo. Silo ya riƙa rawa, farin tururi a salansa, tanki ya yi ƙasa alhali ban taka motar ba. Allah ya taimake ni na gane da wuri. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya taru a silinda fistin ya haɗu da shi, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Duk mai son sa shi bayan totur, dole ya sa bawul na lantarki dab da nozul, wanda ba ya buɗewa sai famfo ya tashi. Haka ma idan tanki ya fi nozul tudu, ko da kafin totur ne, don zai riƙa ɗiga cikin dare.

Kuma kada ka huda ƙasan bututu. Sama ko gefe, bakin nozul ya yi daidai da bangon ciki, kada ya maƙale a cikin zaren rami feshin ya riƙa dukan ƙarfe.

Mai tambaya:
Na gode Baba. To sensa fa? Akwai mai auna yawan iska, akwai mai auna zafinta.

Mai saita kwamfuta:
Mai auna yawan iska babu gardama a kansa, kada feshi ya ratsa shi. Siririyar waya ce mai zafi a ciki, ruwa na taɓa ta lissafin mai ya rikice. Bawul ɗin da ke sakin iska idan an ɗaga ƙafa shi ma nozul ya zo bayansa, in ba haka ba zai watsar da mitanol a kan injin ko ya mayar da shi bakin turbo. Mai auna zafi ne ake ja-in-ja. Ni na sa nozul kafinsa, don kwamfutar mota ta ga iska ta yi sanyi ta daina jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta. Amma karon farko na sa su kusa da juna, santimita 5 ko ƙasa. Sensa ya jiƙe, ya riƙa nuna sanyin da babu shi a silinda, kwamfuta kuma ta yarda da shi. Da na matsar da nozul baya zuwa wajen santimita 30, adadin ya daina faɗuwa farat ɗaya, yana sauka a hankali. Wannan ne na yarda da shi.

Mai jar mota:
Oga, ni fa nawa yana bayan sensa kuma hankalina ya fi kwanciya. Gara kwamfuta ta ɗauka da zafi alhali da sanyi.

Mai saita kwamfuta:
Ba ka yi laifi ba, sai dai ka yi asarar wani ƙarfin da injin zai iya bayarwa. Zaɓi ne.

Mai tsere:
Ni na gwada kafin turbo, a bakin da yake zuƙo iska. Gaskiya idan injin yana juyi sosai motar ta ƙara numfashi, musamman da yake turbo ɗina ƙarami ne. Amma farfelar tana juyi sama da 100,000 a minti, kuma nozul ɗina ya yi girma. Bayan 'yan watanni na haska tocila, gefen fukafukan da a da yake kaifi ya zama kamar an goge shi da yashi. In ba ƙaramin nozul mai feshi kamar hazo za ka samu ba, ka bar wurin.

Abin da ya fi damuna yanzu rabo ne. An ƙera manifol don iska, ɗigon ruwa kuwa ya fi iska nauyi, ba ya shan kwana yadda take sha. Na ciro fulogi huɗu na jera su: biyu na nesa da totur fes kamar an wanke, na kusa da shi da ɗan toka. Shi ya sa a motar M4 GTS ta 2016 BMW ta sa nozul uku a ɗakin iskar manifol, kowanne yana ciyar da silinda biyu. Na koma nozul huɗu ƙanana, ɗaya a kowace ƙafar manifol, da bawul na lantarki kamar yadda Baba ya ce.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Nawa buƙatun ba su kai nan ba. Zan sa ɗaya bayan intakula, a saman bututu, santimita 25 kafin totur. Bututun nawa siriri ne, don haka gobe zan cire shi a yi mini waldar mazaunin nozul, in wanke ɓarɓashin ƙarfe kafin in mayar. In na yi tafiyar mako ɗaya zan ciro fulogi in nuna muku.