Me Ya Ci Manchester United? A Amsa Da Baiti

Ɗan Jar Riga

Salamu alaikum, ma'abota waƙa. Ga tambaya tana cina. Wanda ya san amsa ya ba ni ita a baiti, ban da zagi.

Ku taya ni dubawa, 'yan'uwa,
Abin da ke hana ni rintsawa:
United da ta saba ɗagawa,
Tun 2013 ba ta ɗau Firimiya ba.

Ferguson ya zo a 1986,
Daga Aberdeen ya canza gida,
Kofin lig 13 ya jida,
Ingila ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Daren Barcelona, 1999,
Bayern ta ci ɗaya tun da aka fara,
Sheringham ya rama, Solskjaer ya ƙara,
Jamusawa ba su san ta inda aka shigo ba.

Mosko ma a 2008 mun je ana ruwan sama,
Terry ya sulɓe, Chelsea ta yi nadama,
Van der Sar ya tare ta Anelka aka gama,
Kofin Zakarun bai sake zuwa gidanmu ba.

Kofin FA biyu, Europa ɗaya, mun ɗan taɓa,
Na biyu a lig sau biyu, ba mu wuce nan ba,
Tazarar maki 19 City ta ba mu a 2018, ku duba,
Tana gaba, ko ƙurarta ba mu hango ba.

Moyes, Van Gaal, Mourinho sun wuce,
Solskjaer, Ten Hag, kowa aka ce ya dace,
Amorim ya zo, hanyar ta ɓace,
Shin baki aka yi mana ba mu sani ba?

Na-Anfield

Ƙanina, ni ɗan Liverpool na ce ba wanda ya yi muku baki,
Ƙafafunku ne suka daina aiki.

A 2021 har gida muka bi ku,
Biyar da nema muka zuba muku.

Salah shi kaɗai ya jefa uku,
Tun ba a tashi ba aka ga ƙeyar 'yan kallonku.

A 2023 kuka zo Anfield ramuwa,
Bakwai da nema, aka raka ku da sowa.

Kuna taƙama da lamba 20 ta kofin lig, wai ba mai taɓa ta,
2025 ta zo, mu ma muka cika ta.

Ku kuma kakar kuna na 15 a jeri,
Maki 42, a nan ina abin fahari?

Tottenham a Bilbao ta hana ku Europa, kofin lallashi,
Ɗaya tak ta jefa, ɗaya mai ban haushi.

Malam Mai Lissafi

Na-Anfield ya kawo ba'a, bai kawo dalili ba. Ƙanina Ɗan Jar Riga, ciwon nan ya girmi 2013.

Ka koma baya zuwa 2005,
Ran da Glazer ya saye ƙungiyar,
Daga Amurka ya shigo kasuwar,
Mafi yawan kuɗin hannunsa bashi.

Wajen fam miliyan 790 aka yi ciniki,
Ya je ya ranto a hannun 'yan banki,
Sai ya juyo ya ce kulob ya ɗauki
Nauyin biyan ruwa da uwar bashi.

Kafin su zo ba mai bin ta komai,
Tana cikin masu arzikin Turai,
Kuɗin tikiti da na riga, duba dai,
Kaso mai tsoka ya tafi a ruwan bashi.

Ronaldo ya tafi Madrid a 2009,
Miliyan 80 aka karɓa aka tara,
Valencia, Owen, Obertan aka ƙara,
Sayayyar mai tsoron masu bin bashi.

Je ka Old Trafford in hadari ya sauko da ruwa,
Rufi na yoyo, 'yan kallo na kaucewa,
Euro 2028 a Etihad, filin City, za a yi ta bugawa,
Masu gida sun raba riba, kulob na biyan bashi.

Magoya baya sun hango tun da wuri,
Wasu suka kafa FC United a cikin gari,
A 2021 suka kutsa fili ba shiri,
An ɗage wasa, amma yana nan daram, bashi.

Hajiya 'Yar Tsakiya

Malam, na ji lissafinka, ya yi daidai,
Amma da bashin aka ci Firimiya biyar dai,
Da shi aka je Mosko aka ɗau na Turai,
To ba shi kaɗai ba ne ya ɓata labari.

Ba rowa ce ta kashe United ba, duba,
Sama da fam biliyan ɗaya aka zuba,
Di Maria kusan miliyan 60, shekara ɗaya bai ƙara ba,
Ya tattara ya nufi Paris da sauri.

Pogba ya tafi Juventus a kyauta,
Da miliyan 89 aka dawo da shi, ka ji wauta,
2022 ya sake komawa can a kyauta,
Ɗan kasuwar da ya yi haka ya karya jari.

Maguire daga Leicester, miliyan 80,
Antony daga Ajax ya haura 80,
Sancho 73, shi ma ya shiga jerin,
Kowane koci da nasa, ba mai duba tsari.

Abin da ba ku faɗa ba shi ne wannan:
Mutum biyu suka tafi a 2013 ɗin nan,
Ferguson a fili, David Gill a ofis can,
Kaka ɗaya kulob ya rasa mai ido da mai shiri.

Aka ba Woodward, gwanin kawo talla,
Ɗan banki, da shi Glazer ya yi cinikin ya ƙulla,
Asusu na cika, magoya baya na ƙwalla,
Sanin ƙwallo daban ne da sanin hannun jari.

Moyes ya ce daga gefe a yi ta kwasowa,
Van Gaal ya ce a riƙe ta a yi ta juyawa,
Mourinho a tsare gida, Ole Solskjaer a yi ta rugawa,
Amorim ya zo da 'yan baya uku, sabon tsari.

Kowa ya zo sai a sayo masa nasa,
A kore shi, 'yan wasan su zauna a ƙasa,
Magaji ya zo, ba su dace ba da wasansa,
Albashi ya hana su sayuwa, sai a ƙaro sabon jeri.

Dubi City, ba kuɗi kaɗai ta tara ba,
Begiristain ta ɗauko tun Guardiola bai zo ba,
Kusan shekara huɗu ba a daina share masa hanya ba,
United sai 2021 ta naɗa daraktan ƙwallo na fari.

Baba Tsohon Gola

'Ya'yana, ku ba tsoho wuri ya yi magana,
Wannan ciwon daɗaɗɗe ne, ba a kanku ya fara ɓarna.

Koci Busby ya tashi United daga hatsarin jirgin Munich, 1958,
Ya ɗau Kofin Turai a Wembley, 1968.

Da ya sauka a 1969, McGuinness ya hau bai daɗe ba,
O'Farrell ya karɓa, shi ma bai kai ko'ina ba.

1974 ta faɗa rukuni na biyu, ku ji da kyau,
Shekara shida bayan sarautar Turai, ta fi muni da ta yau.

Daga 1967 har 1993 lig bai shigo gida ba,
Shekara 26 cur, kuma duniya ba ta tashi ba.

Ferguson da kuke yabo, sai 1990 ya ɗau kofin farko,
Da a yau ne, da tuni an kore shi, wani aka ɗauko.

Busby da Ferguson, kowannensu shi ne komai,
Shi ke saye, shi ke sayarwa, shi ke horo, shi ne kai.

Ran da irinsu ya sauka, ba kujera ɗaya ke zama wofi ba,
Aikin mutum biyar ne ya faɗi, kulob bai ankara ba.

Kai kuma Na-Anfield, rage dariya, ɗana,
Shekara 30 kuka yi kuna jira, 1990 zuwa 2020, a idona.

Ɗan Jar Riga

Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Baba, na ji, amma haƙurin an yi shi,
Ole kusan shekara uku aka ba shi,
Ten Hag an ƙara masa wa'adi, kafin wata huɗu aka kore shi,
Haƙurin bai biya ba, korar ma ba ta biya ba.

Attajiri Ratcliffe ya sayi hannun jarin kulob 27 da ɗoriya cikin ɗari,
Muka ce ga ɗan gari ya zo da sabon shiri,
Ashworth da aka ɗauko darakta, wata biyar ya bar wuri,
Ma'aikata aka rage, ciwon bai ragu ba.

Grimsby ta rukuni na huɗu ta cire mu a fenareti,
Ga masu binmu sun sha hanya sun sayi tikiti,
Ni ko na kashe waya a wannan minti,
Har gari ya waye ban amsa kiran kowa ba.

Ko dai 'yan wasan ne suka rasa zuciya?
Yara ƙanana an cika su da dukiya,
A ci su huɗu su fito ba ko kunya,
Zamanin kyaftin Keane da wani bai kwana lafiya ba.

Hajiya 'Yar Tsakiya

Ƙanina, kar ka ɗora wa yara duka,
Ina McTominay da aka sayar, in tambaye ka?
Napoli ya je, Serie A ya ɗauka,
Har gwarzon gasar ya zama a kakarsa ta fari.

Antony da kuka mayar abin dariya,
Ya je Betis ya tuna yadda ake tafiya,
Ƙafar ita ce dai, a Ingila da Sifaniya,
Abin da ya canza masa shi ne wuri.

Rangnick, kocin riƙo, ya faɗa a 2022 kafin ya wuce,
Tiyatar zuciya kulob ke so, haka ya ce,
Aikin shawarar da aka tsara masa ya ɓace,
Aka koma kasuwa da buhun kuɗi da sauri.

Malam Mai Lissafi

Hajiya, kin kawo ni inda nake so,
Wa ya naɗa Woodward, wa ya ce ya iso?
Koci huɗu aka kora, shi ba mai cewa ya taso,
Don yana kawo abin biyan bashi.

Shi da bakinsa ya gaya wa masu jari,
A 2018, ba a ɓoye ba, a sarari,
Wai sakamakon fili ba ya wani tasiri
Ga kuɗin talla, mai kawo riba da biyan bashi.

Inda faɗuwa ke sa aljihun mai kulob zafi,
Da wuri ake gyara, da gaske, da ƙarfi,
Nan ko riga na sayuwa ko da babu kofi,
Daga Asiya har Afirka mu ke biya musu bashi.

Hajiya 'Yar Tsakiya

Wannan kam na sallama maka rabi, Malam. Rabin da na riƙe: Ratcliffe ba shi ya ci bashin ba, kuma harkar ƙwallo a hannunsa take lokacin da aka ƙara wa Ten Hag wa'adi aka dawo aka kore shi. Ka nemo mini baitin da zai ɗora wannan a kan Glazer.

Na-Anfield

Baba, na karɓi shekara 30 ɗin, ba gardama,
Mu ma mun sha Hicks da Gillett, mun san nadama.

Bashi suka ɗora mana, 2010 aka rabu da su,
Ku naku tun 2005 har yau kuna tare da su.

Klopp ya sauka a 2024, muka ce shi ke nan an gama,
Ashe ofis na nan, bai girgiza ba daga sama.

Edwards ya dawo, Hughes ya zo, suka zaɓo koci,
Slot a kakar farko ya ɗau lig, ba ɓata lokaci.

Moyes kwantiragin shekara shida kuka ba shi,
Wata goma bai cika ba kuka sallame shi.

Ɗan Jar Riga, kunna wayarka, ba ni ke kira ba,
Mutanen Grimsby ne, sun ce ba ku yi musu sallama ba.