Na tashi daga sankarar mama, yanzu mata na ta sallama a gidana: asusu zan buɗe ko bidiyo zan ɗora?

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. A 2021 na ji ƙullutu a mamana na hagu. Da yake ba ya ciwo, wata huɗu na yi ina shafa mai ina cewa zai baje. Da aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, aka ce sankara ce. An cire maman, na sha kemo, wato ruwan maganin sankara da ake ɗaurawa, sau shida, duk bayan sati uku, sannan aka tura ni asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya aka yi mani gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura. Yanzu ina kan Tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum, sun ce sai na cika shekara biyar. Alhamdulillahi.

To tunda labari ya bazu a Islamiyyarmu ta nan Ƙofar Marusa, duk wadda ta ji wani abu a ƙirjinta gidana take fara zuwa. Akwai wata baiwar Allah daga wani ƙauye can wajen Daura, ta yi kemo biyu kuɗi suka ƙare, na ukun ya wuce lokacinsa da kwana goma. Ƙanena ya ce in ɗauke ta bidiyo in sa a Facebook da lambar asusuna. Ni kuma raina ya fi kwanciya da in tara mata talatin, kowa dubu biyu duk wata, kamar adashi amma ba mai kwasa sai marar lafiya. Bidiyo ya fi sauri, asusu ya fi rufin asiri. Wa ya taɓa yin ɗaya daga ciki? Don Allah ba maganin gargajiya nake tambaya ba.

Baban Sadik:
Allah ya ƙara lafiya Hajiya. A gwada mata garin zogale da zuma safe da yamma, akwai wani mai magani a hanyar Mashi da ya iya haɗin sosai.

Nas Bilki:
Malam, layin ƙarshe na rubutunta ka karanta kuwa? Irin wannan haɗin ne ke cinye wa mata wata shida, sai abu ya fashe yana ruwa a kawo mana. Anti, kafin komai ki raka ta ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin da take zuwa. Gwamnatin tarayya na da asusun tallafin masu sankara da ya shafi ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Shika na cikin asibitocin da aka fara da su. Sannan a watan Yulin 2025 an buɗe cibiyar sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, a tambaya ko za a iya mayar da ita nan, a huta da kuɗin mota.

Ɗiyar Inna:
Anti Maman Husna, ki ji tsoron Allah kada ki sa ta a bidiyo. Ni na ga wannan ranar. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Wani mai shafi ya zo har tsakar gidanmu da waya biyu, ya ce sai an buɗe ciwon mutane sun gani, wai idan ba a ga jini ba hannu ba ya shiga aljihu. Matar da ko mu ƙannenta ba ta yarda mu ga wurin, ranar ta yaye mayafi tana kuka. Da dare bidiyon ya zagaye gari. Dangin mijinta da ba su taɓa leƙo ta ba suka riƙa bugo waya, wai mun tona masu asiri mun mai da su mabarata. Shi kuwa mai shafin kullum sai ya rubuta "alhamdulillah an kusa cika", amma abin da ya iso hannunmu dubu ɗari da hamsin ne a leda, ya ce sauran na ɗawainiya ne da man mota. Da na ce ya nuna mana shigar kuɗin, sai ya toshe ni. Yaya ta rasu da azumi. Abin da ya fi ci mani rai, bidiyon na nan har gobe. Ɗiyarta na aji uku a sakandare, a wayar ƙawarta ta gan shi. Kwanaki ma na ci karo da shi a wani shafi an canza mata suna an sa wata lambar asusu.

Hajiya Turai:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara. Shi kuma akwai ranar ƙin dillanci.

Abu Filin Samji:
Allah ya jiƙan rai. Amma mu yi lissafi. Mata talatin sau dubu biyu, dubu sittin ke nan a wata. Lokacin jinyar gwaggona kemo ɗaya sai da ya ci mana dubu ɗari da ashirin. Asusun rabin zama ɗaya kawai zai biya.

Maman Husna:
Ni nawa bai taɓa wuce dubu arba'in da biyar ba, har da gwajin jinin da ake yi kafin a ɗaura ruwan.

Abu Filin Samji:
Hajiya wannan ai kafin a cire tallafin mai ne. Farashin 2021 yanzu tatsuniya ce.

Ɗiyar Inna:
Mu allura ɗaya tak aka rubuta mana, muka ji kuɗinta ya haura dubu ɗari huɗu. Ba mu taɓa sayenta ba.

Nas Bilki:
Duk gaskiya kuke faɗa, ciwon ne ba iri ɗaya ba. Gwajin naman ke nuna wane iri ne. Wata matar, ƙwayar hana sinadarin mata irin Tamoxifen ke riƙe ta bayan kemo, kamar Anti. Wadda nata ya nuna irin da ake kira HER2 kuwa allurar Herceptin ake rubuta mata, ita ce mai tsadar nan, kuma kusan shekara ake yi ana karɓa. Shi ya sa ba a yanke farashi daga labarin maƙwabciya.

Baban Sadik:
Ku ma'aikatan asibiti kullum ku ne masu sani. Da maganinku na yi, da mutane ba su gudo wurinmu ba.

Hajiya Turai:
Kai Malam, wadda ta buɗe zancen nan da ranta take rubutu, shekara huɗu bayan aiki. Ita ce shaida. Ni a nan maganar wadda ta kwanta a gadon nake saurare, sai wadda ta yi jinya, sannan ma'aikaciya. Mai "an ce" ya bi layi.

Nas Bilki:
Hajiya kin sa ni ta uku, na gode da ban zo bayan mai zogale ba.

Zee Daurawa:
Ni dai a sa ni a asusun, amma da sharaɗi: a ware kason hular gashi. Lokacin da kaina ya koma kamar ƙwarya, autana ya ce Mama ta yi askin sallah ba ta kai shi ba. Riba ɗaya da na ci, wata takwas ban biya kuɗin kitso ba.

Maman Husna:
Zee kin sa ni dariya har hannuna mai kumburi ya motsa. Amma ku dawo kan tambayata, kwana goma fa sun zama sha ɗaya.

Malam Na Gobarau:
In matar ba ta da hali, ta shiga cikin waɗanda zakka ta halatta a ba su. Attajiri biyu a Babbar Kasuwa sun isa su ɗauke kemon nan ba tare da kowa ya ga fuskarta ba. Kuma in za ki yi asusun, kada kuɗi su shiga da sunanki ke kaɗai. A sa hannun mutum uku, a riƙa karanta rasit a gaban kowa. Amma wai ina mijinta?

Maman Husna:
Ya ce ta je gida ta yi jinya, in ta warke ta dawo.

Zee Daurawa:
Ai ka ji! Wannan "je ki gida" ɗin saki ne da bai sha tawada ba. Nawa ranar da likita ya ce sai an cire, cewa ya yi shi bai yarda ba, sai da yayana ya zo ya sa hannu. Ina kemo na huɗu aka kai lefen amarya.

Abu Filin Samji:
Ba duka maza ba ne don Allah. Kawuna gonarsa ya sayar.

Hajiya Turai:
Allah ya saka wa kawunka. Amma ka je layin masu jiran kemo ka ƙirga da idonka, wa ke riƙe da fulas da tabarma? Uwa ce ko ƙanwa.

Ɗiyar Inna:
Mijin Yaya da ya ce mun kunyata shi, ranar sadakar uku shi ne a gaba yana karɓar gaisuwa, har da tambayar ina aka ajiye firjinta.

Zee Daurawa:
Firji ma? Ni keken ɗinkina aka ba amarya, wai ai hannuna ba zai ƙara iya juya shi ba. Malam Na Gobarau, tunda kana kusa, mene ne hukuncin wannan keken?